Ranar da Aka Jona Mu da Hannun Ɗangana

Jiya na shigo gida da silifa ɗaya a hannu, ƙafa a kumbure, kuma duk kalma guda ce ta ja mini: jona. Ban yi nisa a boko ba, amma na riƙe abin da malaminmu ya ce, wai Turawa joyin suke cewa, mu muka lanƙwasa ta ta dace da bakinmu. Kalma ce mai albarka. Masunci yana jona igiyar koma in ta tsinke, yara suna jona waya a caji, wanda ya makara yana jona sahu, ɗan siyasa kuwa ya jona jam'iyya da safe ya zare da la'asar. Na sha zama bakin tafki ina tunanin ko akwai abin da ba ya jonuwa. Mai Girma Sarkin Almakashi, mai zuwa yanke ƙyalle, Allah ya ƙara masa kaifi, shi ya warware mini.

Kun san ruwan tafkin da ke ƙofar gidanmu, wanda aka datse don samar da lantarki, yana haska biranen da ba mu taɓa gani ba, mu kuwa sai tocila. To bara aka ce za a jona ƙauyenmu da lantarki. Aka kafa turaku, aka jawo waya daga wajen garin Wara, aka jawo wata daga cikin ƙauyenmu. Ranar biki aka ga ba su kai juna ba, saura kamar faɗin ƙofa. Ga makaɗa, ga mai hoto, ga Mai Girma ya riga ya sauko daga mota.

Wani mai jar hula ya duba taro, idonsa ya faɗa kan maƙwabcina Ɗangana, makiyayi, dogo kamar giginya.

"Kai, dogo, zo ka yi wa ƙasa aiki."

Aka ɗora ganga kan amalanke, aka ɗora Ɗangana kan ganga. Ya kama wannan waya da dama, waccan da hagu. Aka yi tafi, aka yanke ƙyalle, aka shelanta an jona mu. Mai hoto ya san aikinsa, daga wuyan hannu ya yanke Ɗangana, bai fito a hoton ba. Aka ce Ɗangana ya daure har ɗan kwangila ya kawo cikon waya. Tun daga ranar, duk baƙon da zai zo duba aiki, sai a aiko Ɗangana ya hau.

Da fari abin ya yi masa daɗi, har hula suka ba shi. Sai Ɗahiru mai gyaran rediyo ya ɓata lamari a wajen mai shayi.

"Ka dai san ran da aka kawo wuta, ta cikinka za ta bi?"

"Ta bi ta ina?"

"Ta shiga dama ta fita hagu. Mu ga haske, kai ka ga Lahira."

Ɗangana ya daina cin tuwo. In liman ya roƙa mana wuta, gari ya ce amin, shi ya yi tari. Ya je ya ce ya ajiye aiki, aka ce in ya sauka an cire ƙauyen kenan daga cigaba, ya je ya yi wa jama'a bayani. Matarsa Lubabatu ta same ni ƙarƙashin ɗorawa.

"Baba, kai da ba ka aikin komi sai kallon ruwa, tashi ka bi wayar ga ka gano inda wutar taka fitowa. In ta kusa, in ɗaure shi a ɗaka. Ba ni zama takaba don hoto."

Na ji zafin maganar, amma dama ina son ganin inda wuta take kwana. Na bi turaku ta gonakin shinkafa, na ratsa fadama, laka ta cinye mini igiyar silifa. Turaku suka yi ta gajarta, daga siminti suka koma icce, daga icce suka koma gora. Can bayan wani ƙauye na hango ƙarshen waya. Ga amalanke, ga ganga, ga wani dogon mutum zaune yana cin gyaɗa, da hula irin ta Ɗangana sak.

Na yi sallama na ce, "Malam, daga ina wutar take zuwa?"

Ya dube ni a firgice. "Ba daga wajenku ba? Mu an ce mana daga can za ta taho!"

Da na dawo na kwashe labari na faɗa wa Ɗangana. Ya ce Lubabatu ta zubo tuwo, ya cinye ya nemi ƙari. Sai da ya wanke hannu ya matso kusa da ni.

"Malam, tsakaninka da Allah, ya fi ni tsawo?"

Na ce bai kai shi ba. Yau da safe da kansa ya hau ganga, har yana gyara hula.

Saboda haka ina miƙa godiyar ƙauyenmu ga Mai Girma, wanda ya ba mu lantarkin da bai taɓa jan kowa ba. Ku kuma masu 'ya'ya dogaye, a rage musu fura. Na ji an ce baɗi gada za a yi mana.