Yadda Za Ka Nuna Wa Ƙwaya Kai Ne Maigida

Kai Lawwali manomin albasa na Goronyo, wanda Baba ya ce in ka fid da noman ranin bana lafiya fadamar ta zama taka, matso kusa. Bi matakan nan, na yi maka alkawari ba za ka taɓa yarda ƙwaya ta fi ƙarfinka ba.

1. Canza mata suna

Maganin gajiya ne. 'Yan ƙwaya suna bakin tasha, kai ko kana gona.

2. Raba ta biyu

Sa farce ka ɓalla. Ƙwaƙwalwa sakarya ce, ba ruwanta da abin da ya shiga ciki. Ta dai ji ita ta yanke hukunci, sai ta saki daɗi. Sha rabi da safe. Ɗaya rabin ma sha kafin ka kai bakin zaure, ai kai ka raba.

3. Daina duk Juma'a

Daga safe har a sauko masallaci. Ga hujja nan kana iya bari. Sai ka yi wa kanka tukuici da biyu.

4. Nemo wanda ya fi ka lalacewa

Ga Mode ɗan kabu-kabu mai haya da babur, da ke gaida turken lantarki har da durƙuso. In Baba ya ce, "Lawwali, mi yas sami idanunka?" ce masa, "Hayaƙin inji na, Baba. Ni Mode na?"

5. Ranar ban ruwa

Ranar da layin ruwa ya zo kanka, mai sayar maka da ƙwayar ya ɓace. Kada ka kira fita nemanta dole. Ce, "Bari in ɗan leƙa Wurno." Babu? Wuce Rabah, shawararka ce.

Da la'asar za ka tarar an rufe ruwa, ƙanenka Zayyanu cikin laka har gwiwa, ya ceci rabin albasar. Baba ba zai yi faɗa ba. Zai ce, "Zayyanu, daga yau hwadamag ga taka ta." Sannan ya dube ka: "Kai ko, ka samo?"

Taɓa aljihu. Tana nan. Ka ji yadda hankalinka ya kwanta? Kunya ce, amma ya kwanta.

Sanarwa

Kada kowa ya zo ƙofata neman fadama. Ban sa maka komi a baki ba, ƙwaya kuma ba ta da ƙafa. Daga Goronyo har Rabah kai ka kai kanka, ba wanda ya aike ka.