Yaron Da Na Tsinta A Ƙofar Gidansu

Ranar da ƙungiyar neman yaran da suka ɓata ta zo masallacinmu na Kwarbai neman gudummawa, kowa ya sa hannu a aljihu, ni kuwa na miƙe na yi jawabi. Na ce kuɗi ai kowa na iya bayarwa. Ni idona da babur ɗina na sadaukar, don babu lungun da ban sani ba a birnin Zariya.

Ba a rufa mako ba na ga wani ɗan ƙaramin yaro a Ƙofar Jatau, yana kuka shi kaɗai a bakin wani zaure. Na tambaye shi sunan babansa, ya ce, "Baba." Nan take na ɗora shi a kan babur, sai masallacinmu. Na karɓi lasifika da kaina na rangaɗa cigiyar iyayensa, har da saya masa biskit.

Bayan la'asar sai ga shugaban ƙungiyar da wata mata, idanunta sun kumbura, ko takalmi babu. Tun azahar suke neman yaron. Ashe inda na ɗauke shi zauren gidansu ne. Hana shi bin yayyensa Islamiyya aka yi, shi ne yake kuka. Uwar ta goya ɗanta ta wuce.

Shugaban ya ja ni gefe ya ce, "Malam, don Allah nan gaba ka ba da kuɗin kawai."

Har yau in na bi ta Ƙofar Jatau, sai na ji masu shago suna cewa, "A shigar da yara gida, ga mai taimako nan tafe!"