Jirgin da Ya Ƙi Sauka a Gonar Laminu

Yau tun hantsi nake tsaye cikin rana, riƙe da gora mai ɗaure da farin mayafin matata Fa'iza, ina kaɗa wa sama kamar wanda ya zautu. Kada ku yi dariya, aikin manya nake yi.

Ga yadda aka yi. Fara ta sauko mana a ƙauyukan Kwaya daidai lokacin da gero ya fara ido. Muka kai kuka, sai Mai Girma Uban Alkawura, Allah ya ƙara masa sanyin buro, wato ofis, ya aiko cewa jirgin feshi na nan tafe, mu dai mu share masa wurin sauka. Yaransa suka zo cikin ƙatuwar mota kat-kat, ba wanda ya sauke gilashi, suka nuna gonar maƙwabcina Laminu da yatsa, wai ita ce shimfiɗaɗɗiya. Laminu ya ce saura mako uku ya yi girbi, kuma baki tara ke jiran geron nan. Aka ce masa kishin ƙasa ya fi dami. Muka yi gayya, muka sassabe geron ɗanye. Ni ma da hannuna a ciki, kuma har yanzu kunyar haɗa ido nake da shi.

Muna jiran jirgi sai Turai mai ƙuli-ƙuli ta tayar da zancen albashin matuƙa. Wai ta ji ana cewa abin da matuƙin babban jirgi ke ɗauka a wata ɗaya, mushen lakwal ɗinmu, malamin makaranta, sai ya shekara uku bai gan shi ba. Ta ce ina dalili, mutum yana zaune kan kujera, babu rami, babu jaki a hanya, babu layin esans a gidan mai? Na ce wallahi Turai kin yi gaskiya, kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi. Har na ƙara da cewa a ba ni sitiyarin in yi musu a rabin farashi.

Wajen azahar jirgin ya ɓullo. Na kaɗa mayafi har kafaɗata ta riƙe. Ya yi ƙasa-ƙasa, ya zagaya sau biyu, ya leƙa gonar da kyau, sannan ya juya ya nufi Damagaram abinsa. Daga baya muka ji abin da ya faɗa ta radiyo: wurin rairayi ne zalla, taya za ta nutse, shi ba zai kashe kansa ba.

To jama'a, a nan na janye maganata. A duk tawagar nan, mutumin nan kaɗai ya dubi ƙasa kafin ya yanke shawara. Kun san dalili? In ya yi kuskure, da shi za a faɗo. Manyanmu kuwa in sun yi kuskure mu ne ke faɗowa, su a ƙara musu kujera. Ni da za a bi tawa, a ninka wa matuƙa albashi, a kuma yanka wa kowane babba nasa bisa wannan sharaɗi: duk inda ya tuƙa mu, yana ciki.

Da la'asar Mai Girma ya iso ta ƙasa, da motoci shida, don kada jawabin da aka rubuta ya lalace. Ya yaba wa haƙurinmu, ya ce maganin feshin ma yana hanya. Ashe jirgin da ma ba komai a cikinsa, gwaji ya zo yi. Laminu ya matsa, ya cire hula.

"Ranka ya daɗe, me zan ba iyalina bana?"

"Za a duba, malam. Za a kafa kwamiti."

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma kada a ce ban faɗi alherin manya ba. Kafin su tafi, mai rubuta musu rapor, wato rahoto, ya zagaya gonar Laminu taki-taki, ya duba gabas ya duba yamma, bai ga fara ko ɗaya ba. Ina za ta zauna, me za ta ci? Nan take ya rubuta cewa a wannan gona an yi nasara ɗari bisa ɗari. Na ji ana raɗe-raɗin baɗi za a faɗaɗa shirin, kuma tawa gonar ma, Allah ya kyauta, shimfiɗaɗɗiya ce.