Rasuwar A-kori-kura Bayan an Ɗaga Mata Ƙugu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma fushin da shekaruna suka hana ni fitarwa da baki, nake sanar da rasuwar motata a-kori-kura, wadda ta cika ranar Talata a gindin gangaren rafi, sakamakon aikin da aka yi mata tana ƙalau.

Marigayiyar ta shigo gidana shekarar da na ajiye aikin akawu. Ita ce ƙafata zuwa gona. Ba ta da kwaɗayin mai, ba ta taɓa kwana a hanya ba. Tari biyu take yi da safe, "kuf, kuf", sannan ta tashi.

Ciwon ajalinta mijin 'yata ne ya kawo shi. Ya ce motocin daji na zamani dogaye ne, tawa kuwa cikinta na shafar ƙasa kamar agwagwa. Ya kai ta wurin wani bakanike abokinsa, wanda ya rantse aikin bai fi shan ruwa ba: a ciro sifirin ɗin baya daga ƙarƙashin aksil, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyi, a ɗora shi bisa. Aka yi. Ta dawo gida ƙugu a sama, hanci a ƙasa, kamar mai neman allurar da ta faɗi. Uwargida, mai ciwon gwiwa, ta dube ta sau ɗaya ta ce ita da hawa wannan sai an kawo tsani.

Masanan biyu sun ƙara mata tsawo, amma sun bar tiyon birki yadda yake, a miƙe kamar tsirkiya. A ramin farko da ta faɗa a gangaren, ɗauke da masarar bana gaba ɗaya, tiyon ya tsinke. Kalmarta ta ƙarshe "ƙiiii" ce, sai "gwaram". Surukin nawa, da yake tuƙi, ya yi tsalle ya fita ko ƙwarzane babu. Muna godiya ga Allah, kamar yadda 'yata ta umarce ni in rubuta.

Ta rasu ta bar tayar ko-ta-kwana guda, da jak, da dattijo mai zuwa gona da ƙafa.

Masu sayen tsohon ƙarfe za su yi mata sutura da wutar walda ranar Asabar da hantsi, a bayan garejin da ya kashe ta. Za a karɓi gaisuwa a ƙofar gidana daga kowa, ban da mutum biyu da suka san kansu.

Abin da aka rasa: mota ɗaya, abincin shekara ɗaya, da gaisuwar da ke tsakanina da uban jikokina. A duk jikinta sifirin kaɗai ya fito lafiya, har bakaniken ya aiko tambaya ko na sayarwa ne.