Takalmin Kawu Kofur

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da na yi bankwana da kaf mutanen Badafi a kan zan tafi Makka a ƙafa ba. Ko na so in manta ma ba za a bar ni ba, don mutanen garinmu ba sa barin irin wannan labari ya mutu. Lokacin Turawa ba su tafi ba tukuna, ana dai ta maganar mulkin kai, gyaɗa kuma tana tashe. Ni kuwa sabon magidanci ne, gemu ya fara tsiro, kai cike da iska.

A wancan zamani, talaka in zai tafi Gabas, ƙafarsa ce jirginsa. Ka bi ta Kano, ka yi Yerwa, ka tsallaka Fallomi, ka faɗa Sudan, kana tafe kana ƙwadago a gonakin auduga har ka kai bakin teku. Wani ya yi shekaru ya dawo da furfura, wani kuma sai dai labari. Akwai wani dattijo a Bebeji, Malam Isa, wanda ya taɓa zuwa ya dawo, shi ne yake tara ayari za su tashi bayan kaka. Ranar da na ji zancen a kasuwa, ban shawarci kowa ba na ce a sa da ni. (In faɗa muku gaskiya, ba lada ne kaɗai ya ja ni ba. Na ga yadda ake tashi tsaye a shimfiɗa wa Malam Isa buzu in ya shigo taro, na ce ni ma ina son irin wannan.)

Da na faɗa a gida, Inna ta daɗe tana kallona. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta kama sunana.

"Kai wannan," ta ce, "ka dubi halin da yarinyar nan take ciki kuwa?"

Yarinyar nan ita ce matata Dije, wadda cikinta na fari ya tsufa. Tana zaune tana tsince wake, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Na ce ai Allah ne mai tsarewa, kuma ga ƙanena Sale zai riƙe gona. Inna ta ce, "To, wa zai hana bawa zuwa Ɗakin Allah?" Daga nan sai ta hau dakan guzuri.

Wanda ya fi kowa murna shi ne Kawu Barau, ƙanen Inna, tsohon soja da ya yi yaƙin Bama, wanda duk gari ke kira Kofur. Ya kira ni ɗakinsa, ya buɗe akwatin ƙarfe, ya ciro abu biyu. Na farko jakar soja ce mai maɗauri biyu, wadda ake goyawa a baya kamar jariri. Na biyu kuwa takalmi ne, baƙi wuluk, mai ƙusoshi a ƙasa, kowace ƙafa nauyin taɓarya.

"Ɗan nan," ya ce, "wannan takalmi ya keta dajin Bama ya dawo. Makka a wurinsa nan da bakin rafi ne. Ban taɓa ba wa kowa aronsa ba, sai kai."

To, ni tun da uwata ta haife ni ban taɓa sa takalmi sau-ciki ba. Fade nake sawa in za ni kasuwa, gona kuwa ƙafa Allah. Kuma Kawu ɗan firit ne, ni ko ƙafata kamar faifai. Da ƙyar na cusa ta, yatsuna suka hau kan juna. Amma da na taka na ji ƙwas! ƙwas! sai na ji kamar Razdan ne ni, babban Baturen lardi. Na yi ta zagaya tsakar gida, kaji na watsewa.

Dije ta leƙo daga madafi. "Maigida, anya takalmin nan ba ya cizonka? Na ga kana tafiya kamar mai tsallake ƙaya."

"Ke me kika sani game da kayan soja? Haka ake tafiya da shi."

Ba ta ja ba. Da tana shirya mini jaka sai ta lallaɓa ta tura fadena a ƙasan kaya. Na gani, na zaro, na miƙa wa Sale kyauta a gabanta, don dai ta san ta raina ni. (Ku riƙe wannan a zuciya: da hannuna na yi.)

Jakar nan kuwa ta sha kaya. Dakuwa, ƙuli-ƙuli, gumba, yaji, kuka, daddawa, bargo, buta, tabarma a naɗe a sama. Wata Bafulatana da ke kawo wa Inna nono ta kawo man shanu a ɗan gora, aka tura shi ta gefe. Ni kuma na bi gari gida-gida ina neman gafara. Na ba Sale garmata. Na yafe wa waɗanda suka yi mini laifi, har da waɗanda ba su san sun yi ba. Wani maƙwabcin gonarmu da muka daɗe muna rigimar iyaka ya rungume ni yana hawaye, ya ce in ɗauki kunya biyun nan na bakin iyakar, ya bar mini har abada.

Safiyar tafiya na shiga ɗaki in sallami Dije. Na shirya maganganu masu nauyi, amma ta riga ni.

"In Allah ya sauke ni, wane suna za a sa?"

Sai a lokacin ya faɗo mini cewa ɗan nan zai yi rarrafe, ya yi tafiya, ya yi magana, bai san fuskata ba, in ma na dawo ke nan. Na ce Inna ta zaɓa, na fita da sauri kafin ta ga idona. Da a ce wani ya tare ni a zaure ya ce fasa, da na fasa. Amma a waje rabin gari ne ke jirana.

Suka raka ni har gindin tsamiyar bakin gari. Can na juyo, jaka a baya, sanda a hannu, na yi jawabi. Na ce duniya ba wurin zama ba ce. Na ce in ba mu sake ganawa ba, mu haɗu a Aljanna. Tsofaffi suka fashe da kuka. Kawu Kofur ya ƙame ya sara mini. Na juya na kama hanyar Bebeji, ƙwas, ƙwas, ƙwas, ban waiwayo ba.

Ina shan kwana, inda dogayen karare suka kare ni, na zube a gindin wata ɗorawa ina nishi. Dugadugaina kamar an zuba garwashi. Hankali ya ce cire, ka rataya a wuya, ka taka da ƙafar da ka saba. Har na kai hannu, sai ga wasu mata da tallan fura, ɗaya ta ce, "Sannu, soja!" Shi ke nan, na miƙe. Duk wanda na gamu da shi sai ya kalli takalmin ya gaishe ni da ladabi, ni kuma in cije in ƙara ƙwas. Rana ta take, man shanun nan ya narke ya bi gadon bayana, ƙudaje suka yi mini rakiya. Ban isa Bebeji ba sai da la'asar sakaliya, ina tafe ina rangaji kamar agwagwa.

A zauren Malam Isa na tarar da abokan tafiya, kowa da ɗan ƙunshinsa da fadensa. Na zauna zan yi alwala, takalmi ya ce bai san zancen ba. Ƙafa ta kumbura ta cika shi tam. Ƙarti biyu suka kama, ɗaya ya riƙe ni ta hammata, ɗaya yana ja, ina salati da ƙarfi. Daga ƙarshe wanzami aka kira, ya sa aska ya tsarge takalmin Kawu daga sama har ƙasa. Abin da ya fito ba na son in kwatanta. Fata dai ta saɓule, har farce ɗaya ya zauna a ciki.

Malam Isa ya sunkuya ya duba, ya ɗago.

"Samari, daga ina ka taso?"

"Daga Badafi, Malam."

"Ikon Allah. Na ɗauka daga Fallomi." Ya girgiza kai. "Gobe da asuba za mu tashi. Ƙafar nan kuwa ba za ta taka ƙasa ba sai wata ya kama. Ka koma gida. Gabas ba ta gudu."

Jama'a, in gaya muku abin da ban gaya wa kowa ba a lokacin: wani sanyi ne ya ratsa ni tun daga ƙeya har ƙafar da ke zogi. Ji na yi kamar an sauke mini dutse daga ƙirji. Amma ido na kaina, dole in nuna baƙin ciki. Na hau roƙo, ina cewa Malam a taimaka, ko da rarrafe ne zan bi ku. Na zuba roƙon da kyau har ya fara wuce gona da iri, don sai na ga dattijon ya tausaya, yana shafa gemu.

"To, ko a nemo maka jaki zuwa Kano, mu ga yadda..."

"A'a, a'a, Malam!" Na tare shi. "Kada in zame muku kaya. Na haƙura. Haka Allah ya so."

Ya dube ni ta wutsiyar ido. Ina jin ya gane, amma dattijon kirki ne, ya rufa mini asiri.

Na yi jinya a zauren har ranar Juma'a, sannan aka haɗa ni da Tanko mai jaki, ɗan garinmu, wanda ya kawo kaya zai koma. Aka ɗora ni, ƙafafu naɗe da tsumma, jaka a baya, takalmin Kawu rataye a wuya, baki buɗe kamar kifin da aka feɗe. Tun a hanya nake roƙon Tanko mu jira magariba, mu shiga ta bayan gari. Ya ce shi yana da uzuri, kuma jakinsa hanya ɗaya ya sani. Hanyar nan kuwa ta ƙofar gidanmu ta bi.

Abin da ban sani ba, ranar ce Inna ta shirya sadakar tafiyata. Muna shawo kwana na hango tabarmi a ƙofar gida, dattawan gari zaune, ga ƙoren waina da fura a tsakiya. Kowa ya sunkuyar da kai, tafin hannu a sama. Liman ido rufe yana cewa:

"Ya Allah, bawanka da ya bar iyalinsa ya nufi Ɗakinka, duk inda yake yanzu, ko Kano ko gaba da Kano, ka sauke shi lafiya..."

Daidai nan jakin Tanko ya buɗe baki ya rangaɗa kuka.

Kawuna suka ɗago. Na nemi ƙasa ta tsage, ta ƙi. Kawu Kofur ne ya fara magana.

"Liman, addu'arka ba ta kwana. Ga shi nan, ku taso mu sauke shi."

Wata tsohuwa mai nauyin kunne, wadda ta fi kowa kuka a gindin tsamiya, ta matso tana tafa hannu. "Har ya dawo? Kai, Makka ta matso! Ɗan nan, ina zamzam ɗina?" Nan dariya ta ɓarke, har Liman sai da ya rufe baki da gefen rawani. Wani daga baya ya ce, "Sannu da zuwa, Alhajin Bebeji!" Sunan ya zauna daram tun kafin a sauke ni.

Ni dai Kawu nake tsoro. Ya zare takalmin daga wuyana, ya juya shi, ya zura yatsa ta inda aska ta bi. Na fara ba shi haƙuri.

"Sawa ka yi tun daga nan har Bebeji?" ya tambaya.

"E, Kawu."

"Kai, amma kai jarumi ne. Ni a Bama a wuya nake rataye shi, sai in Bature zai duba mu. Mugun abu ne, cizo gare shi kamar kare."

(Har ya bar duniya ban daina tambayarsa dalilin da bai faɗa mini tun farko ba. Kullum amsarsa ɗaya: "Ka tambaye ni?")

Aka ciccibe ni zuwa cikin gida. Inna ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Kai wannan, ka ci abinci?" Sannan ta juya da sauri ta ce a ci gaba da rabon waina, sadakar tafiya ta zama ta dawowa. Na ga tana goge ido da bakin zane, kafaɗunta kuma na rawa, ban san ko kuka ne ko dariya ba. Dije kuwa ba ta ɓoye ba. Ta durƙusa da ƙyar, ta ce, "Alhaji, ya hanya?" sai ta kama ciki tana dariya har na ji tsoron kada ta haihu a wurin. Da ta lafa, ta kawo ruwan ɗumi da bagaruwa ta tsoma ƙafafuna, ta yi ƙasa da murya.

"Na roƙi Allah ya dawo mini da kai. Amma wallahi ban ce da wuri haka ba."

Kafin ƙafar ta gama warkewa Dije ta sauka, 'ya mace. Ni na karɓe ta, ni na yi mata huɗuba a kunne, ina tsaye a kan ƙafa ɗaya kamar zalɓe. Ban taɓa jin daɗin kunyar da na sha kamar ranar ba. Sauran abin dai sai haƙuri: na koma wurin Sale ina lallashi ya maido mini garmata, maƙwabcin gona kuma ya aiko cewa kunya biyun nan matafiyi ya bar wa, ba mazauni ba.

Allah ya nufa na je Makka daga baya, da furfurata, a jirgin sama, ba wanda na gaya wa sai mutanen gida. Na dawo da dabino da zamzam na raba, kowa ya sha ya yi godiya ya ce, "Allah ya karɓa, Alhajin Bebeji."

Shi ya sa duk yaron da ya zo mini da zancen doguwar tafiya, ba na hana shi. Cewa nake ya fara shawara da ƙafafunsa kafin ya tara jama'a a gindin tsamiya. Baki yana iya kaiwa Aljanna tun da hantsi, amma ƙafa ba ta jin kunyar kowa, inda ta gaji nan take tsayawa.