Sabon Kifi a Randar Inna

Har gobe ba na mantawa da kukan nan: ƙiii, ƙiii, kamar tsohuwar ƙofar kwano. Kifi ne ke yin sa, a tafin hannuna.

Shekarar fari ce, gulbin Isa ya ƙafe sai 'yan kududdufai, ni kuwa na dawo hutu daga jami'a, kaina cike da ilimin halittu. Na fita yawo bakin gulbi (baitin waƙa nake nema, ba kifi ba) sai na gan shi cikin laka: kai kamar kwalkwali, ƙaya kamar zarto, jiki ɗige-ɗige. Da na sa shi a kwano sai ya birkice yana iyo ciki a sama. Wallahi har rawa na taka. Malaminmu ya ce ana ta gano sababbin kifaye masu sulke a kogunan ƙasashen zafi. To, ga nawa!

Na ɓoye shi a randar Inna, kakata (ruwan da ake tonowa cikin yashi da ƙyar, Allah Ya yafe mini). Na auna shi da rula, na ƙirga gashin bakinsa, na cika shafi huɗu, na raɗa masa suna da Latin, sunan babanmu a ƙarshe. Kawu Bawa ya zagaye unguwa yana shelar ɗiyarsu ta gano abin da Turawa ba su sani ba, har ya gayyato Sarkin Ruwa ya shaida.

Ƙofar gida ta cika, na fito da shi a kwano. Na karanta shafukan nan kaf, ina jan murya. Sarkin Ruwa ya leƙa kwano, ya daɗe.

"Ɗiyata, mi kinka ce sunanai?"

Na maimaita, a hankali, don ya riƙe.

"Madalla. Mu dai kurungu muka ce mishi."

Daga zaure Inna ta ɗaga murya: "Kurungu? Ke da shi anka yaye ki! Ashe ke kinka sa ruwana ƙarni!"

Aka bushe da dariya, Kawu ya sulale. Ni dai ban taɓa ganin kurungu da rai ba. Wanda aka yi wa banda na sani, baƙi, a lanƙwashe, a kasuwar Sabon Birni. Ranar na koyi cewa kafin ka raɗa wa abu suna, ka fara tambayar masu cin sa.

Da marece Inna ta jefa shi a miyar kuka, na ci har da tsotsar ƙaya. Sai bayan shekaru na karanta cewa kurungu iri-iri ne, kuma har yau masana na samun waɗanda ba a rubuta ba. Ko nawa yana cikinsu? Allah Ya sani. Ni dai shaidar da zan iya bayarwa ita ce ya yi daɗi.