Ranar da Injiniya Yusha'u Ya Ga Ƙarƙashin Mota

Duk faɗin Agege, daga bakin layin dogo har kwata, babu wanda ya san mota kamar Alhaji Yusha'u. Shi ya faɗa da bakinsa, kuma ba a taɓa jin ya janye ba. Gaskiya ne bai iya tuƙi ba, amma wannan ƙaramin abu ne ga mutumin da ya share shekaru yana zama a gidan gaba tsakanin Ikko da Kano, gwiwar hannu a taga, yana nuna wa direba kuskurensa. A gabansa mutanen unguwa Injiniya suke ce masa. A bayan idonsa kuwa Ba-Ya-Duƙawa ne, don tun da soja suka koma bariki wani mara tsoron Allah ya raɗa masa cewa kujerar kansila ta dace da jikinsa, Alhaji ya daina sunkuyawa. In ba a kan sallaya ba, ƙasa ba ta ƙara ganin gwiwarsa ba. Ko makullinsa ne ya faɗi, sai ya tsaya yana duban sama har wani ya ɗauko masa. A iliminsa na siyasa, jama'a ba sa zaɓen mutumin da suka taɓa gani a ƙasa.

Mutum ɗaya ce a duniya take kiran sunansa gatsal, yayarsa Iyatu mai tuwo a bakin tasha. Ita ta goya shi, don haka babbar rigarsa ba ta ba ta tsoro. Ɗa guda mijinta ya rasu ya bar mata, Jabir, wanda ya iya tuƙi a danfon mutane, wato bas ɗin hayar Ikko, yau a ba shi makulli gobe a karɓe. Jabir yana son Hanan, 'yar Malam Shafi'i na Idi-Araba, ita ma tana sonsa. Malam Shafi'i bai ƙi ba, amma ya kafa sharaɗi: ba zai sa rana ba sai ya ga sana'ar yaro da idonsa. Ya ce a kawo lefe a cikin motar da Jabir zai ci da iyali, in ya gan ta a ƙofar gidansa, a ranar zai yanka rana.

Iyatu ba ta yi shawara da kowa ba. Ta kwashe 'yar zinariyar da take ɓoyo tun zamanin mijinta, har 'yan kunnen da ke kunnenta, ta kai kasuwa. Abin da take so wagon ce, irin mai dogon bayan nan da ke kwasar fasinja da kaya zuwa Arewa, tokunbo, wato wadda Turawa suka gama hawa suka turo mana. Kuskurenta ɗaya, ta faɗa a gaban ƙanenta.

"Yaya, ina raye a garin nan za ki kai kuɗinki wurin makanikai?" in ji Alhaji. "Su da hannu suke duba mota. Ni da basira nake dubawa."

Ranar sayen mota ya sha shadda fara, ta sha sitaci har tana ƙara in ya motsa. Ya rataya wayar salular da ta shigo gari a wuyansa, duk da dai ba a taɓa ganin ya kira kowa da ita ba. Suka nufi kasuwar tokunbo ta wajen Apapa shi da Jabir. Dillalin da ya tare su kallo ɗaya ya yi wa rigar ya gane abincinsa ya zo. Ya kai su gaban wata wagon ruwan toka mai sheƙi, ya rantse wata tsohuwar Baturiya ce ta hau ta, ita ma coci kawai take zuwa da ita.

Nan Injiniya ya fara aiki, kuma wanda bai gani ba ya yi asara. Ya shuri taya da bakin takalmi, a hankali don kada takalmin ya ji ciwo. Ya buɗe ƙofa ya rufe, ya karkata kai yana sauraro kamar mai zaɓen kankana. Ya sa aka tayar da inji, ya tsaya nesa da salansa ya jawo hayaƙin da tafin hannu zuwa hancinsa, ya ce wannan hayaƙin na masu natsuwa ne. Aka kunna rediyo, sai ga sashen Hausa ya fito tangaran. Alhaji ya gyaɗa kai ya ce motar da ta kama Hausa tun ba ta bar Apapa ba, ta san hanyar Kano.

Jabir dai hankalinsa bai kwanta ba. Ya sha jin direbobi a tasha suna cewa a ƙasashen can gishiri ake zubawa a titi lokacin sanyi, ya cinye cikin mota daga ƙasa, a zo nan a shafe da baƙin fenti. Ya samo kwali ya shimfiɗa zai kwanta ya leƙa.

"Tashi, Jabir. Ɗan yayar Honorabul, ango guda, ka yi birgima a kasuwa? Gobe 'yan adawa su ce gidanmu a ƙasa muke kwana? Mota daga fuska ake gane ta, kamar mutum. Mai mutunci ba a leƙa masa ƙarƙashin riga."

Jabir ya ce to, Kawu, ya naɗe kwalinsa. Dillali ya ce wallahi Oga Alhaji ya fi shi sanin mota, shi yau ya zo makaranta. Aka biya.

Saura gwajin lafiyar mota, wanda in babu takardarsa ba a barin mutum ya yi haya. A wurin gwajin akwai rami, a ɗora mota a kai, a shiga ƙasa a duba ta. Da Alhaji ya ji zancen rami sai ransa ya ɓaci. Ya ce motar da shi ya duba, a ce kuma wani ya shiga rami ya sake dubawa, wannan raini ne ga dimokuraɗiyya. Ya kira wani ɗan kamasho da ya sani, kafin la'asar sai ga takarda ta iso gida da hatiminta. Birki lafiya, fitilu lafiya, gangar jiki lafiya. Takarda ta ci jarrabawa da kyakkyawan sakamako, motar kuwa tana ƙofar gida ba ta je ko'ina ba. Alhaji ya sa aka lulluɓe takardar da leda, ya yi ta zagaya majalisu da ita yana cewa hukuma ta tabbatar da bincikensa.

Kai lefe aikin mata ne, kowa ya sani. Ko Jabir ma albarkacin tuƙi ya samu shiga, da sharaɗin ba zai fito daga mota ba. Amma Alhaji ya ce ba a taɓa ƙaddamar da aiki babu mai aikin ba. Ranar Asabar aka jera akwatuna a baya har rufi, Iyatu da ƙawayenta suka matsu a tsakiya, Injiniya ya hakimce a gidan gaba cikin sabuwar shadda, takardar gwaji a cinyarsa.

Damina ce, titin Ikko kuwa an san halinsa. Tun daga Oshodi Iyatu ta ce tana jin sanyi a tafin ƙafarta, kuma kamar dardumar motar tana jiƙewa. Alhaji ya ce wannan na'urar sanyaya ƙafa ce, Turawa suna sa wa manyan motoci. Kusa da Mushin wani abu ya ce ƙaras a ƙarƙashin kujerarsa. Ya ce sabon wuri ne motar take sabawa da shi. Jabir ya lura kan kawunsa, da ɗazu hularsa ke gogar rufi, ya ɗan yi ƙasa. Ya ƙara riƙe sitiyari.

A Idi-Araba layin Malam Shafi'i ya cika. Mata sun leƙo, maza suna kan benci, Malam da kansa yana tsaye a ƙofar gida da carbi. Alhaji ya sauke gilashi, ya fito da hannu yana gaisuwa irin ta 'yan takara, ya ɗaga takarda sama ya fara jawabi tun mota ba ta tsaya ba.

"Jama'ar Idi-Araba, wannan motar da kuke gani, ni na duba ta da kaina, daga sama har..."

Tayar gaba ta hau katakon kwalbati ta dira. Ƙasan motar ya buɗe, kujerar gidan gaba ta wuce da mai ita. Abin da ya rage a taga hannu ne guda riƙe da takarda, sai ƙafafu biyu a sama da takalmi mai sheƙi. Sauran Honorabul yana zaune a titin Ikko, cikin ruwan kwata.

Aka ja shi ta sama, ya ƙi fitowa, don ƙarfen da ya yage ya riƙe rigar. Dole majiya ƙarfin layin suka taru suka ɗaga motar ta gefe ɗaya, aka kwantar da shi rigingine, aka kama ƙafafunsa za a zaro shi ta ƙasa.

Malam Shafi'i mutum ne mai kunya, bai yi dariya ba. Ya ce mata su shiga da akwatuna, an gode, Allah ya sa albarka. Zancen rana kuwa, ya ce a bari sai ranar da motar ta bar ƙofar gidansa da ƙafarta. Jabir ya kifa kansa a kan sitiyari. Iyatu ta kai hannu kunnenta ta shafa wurin da babu komai, kuma duk wanda ya gan ta a lokacin sai da ta ba shi tausayi, don shekarun da ta yi a gaban murhu ne ke kwance a kwalbati.

Ta ce wa masu ja su dakata. Suka tsaya, rabin Alhaji a waje, rabi a ciki, fuskarsa daidai inda baƙin fenti ya ɓare, ƙarfe ya koma kamar ƙanzon tukunya. Iyatu ta tattare zanenta ta tsuguna, abin da bai taɓa yi mata wuya ba.

"Yusha'u, tunda Allah ya kai ka, kada ka yi gaggawar fitowa. Duba mana ita da kyau."

Injiniya ya buɗe baki zai yi bayani, tsatsa ta zubo a ciki.